Gurguwar Mota da Gyaran Kawu

Shekarar da ɗana ya shiga gasar ƙananan motocin katako a Mitchellville, garin da muke zaune a ƙasar waje, na fi shi zumuɗi. Motocin ba su da inji. Sakinsu ake yi a kan gangara, wadda ta riga sauka ta ci. Sirrin yana ga ƙusoshin da ke riƙe da tayoyi. Na daɗe a gareji ina lanƙwasa su kaɗan-kaɗan, har motar ta daina rawa a kan layinta. Ɗaya daga tayoyin gaba kuwa da gangan na ɗage ta, don kada ta rage gudu.

Ana gobe gasa na dawo daga aiki, sai Kawu, wanda ya zo daga Kano ganin likita, ya tare ni da fara'a, filaya a hannu.

"Wace irin gurguwar mota ka yi wa yaro? Ai na miƙe mata ƙafafu."

Wallahi har kunnuwana suka ɗau zafi. Wa ya aike shi? Tambaya ɗaya ta gagare shi? Amma yayan mahaifiyata ne, ba a ɗaga masa murya.

Washegari motar ta sauko tana tangaɗi, ta zo ta ƙarshe. Kawu ya dafa ni ya ce, "Ka gani? Da ban gyara ba, ko isowa ba za ta yi ba."

Ni kuwa, da bakin nan nawa, na ce, "Allah ya saka da alheri, Kawu."