Inda Yatsana Ya Nutse

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya daɗe yana aikin likita a London kafin ya ajiye aiki ya sayi tsohon jirgin ruwa na katako, irin mai tafiya da iska. A gidansa na unguwar Barking nake zaune lokacin ina digiri na biyu. Mutumin Yawuri ne, a kwalekwale ya girma, burinsa kuma ya tuƙa jirgin nan har gaɓar Afirka ta Yamma. Ganinsa yana raguwa. Likitan ido ya ce in zai yi tafiyar, to kada ta wuce lokacin zafi mai zuwa.

Duk Asabar mukan je filin da ake ɗora jirage a kan ƙarafa, a bakin wani rafi mai laka. Ban iya komai ba sai karatu, don haka ya ba ni samfefar goge katako da littafin rubutu.

"Farfesa, duk ƙusar da muka cire ka rubuta inda ta fito. Sannan ka ji, a garinmu ba a yi wa jirgi mugun baki, yana ji. Kakanka ya taɓa sauke wani fasinja a tsibiri don ya ce ƙasan kwalekwalen ya yi laushi."

Ya yi dariya. Ni kuwa na riƙe maganar.

Da ganye ya fara zuba, ina goge katakon da ke gindin doguwar sandar da ake ɗaura ƙyallen iska, sai babban yatsana ya nutse kamar a dafaffen rogo. Na auna wurin, faɗin yatsa uku. Na rubuta, na zana. A makon na aro littattafai a laburare kan ruɓewar katako, na karance su, na san abin da na gani.

Asabar ta zagayo, na tsaya a bayansa ina murza hannu.

"Kawu, wurin nan kamar ya sha ruwa."

"Jirgi ne, Farfesa. Me kake so ya sha, kunu?"

Ya durƙusa ya kai fuskarsa kusa da katakon. Na san ba ya gani. Ya ɗago ya ce, "Ka ga wani abu ne?"

A gidansa nake ci nake kwana. Ban taɓa yi wa babba gyara ba, balle a kan jirgin da yake shafawa kamar doki. Na dubi takalmina.

"A'a, ba komai."

Ya miƙo mini buroshi. Da hannuna na shafe wurin da farin fenti, shafi uku, ko ɗigo ban bari ba.

Lokacin hunturu na yi dabara irin ta matsorata. Na bar littafin rubutun nawa a buɗe a kan teburin cin abinci, daidai shafin, har na ja layi. Na manta ya daina ganin ƙananan rubutu. Kofin shayinsa ya ɗora a kai.

Da gari ya fara ɗumi aka kira wani Bature mai duba lafiyar jirage. Yana tafe yana ƙwanƙwasa katako da 'yar guduma. Da ya iso gindin sanda ƙarar ta mutu. Ya soka sukundireba, ta shige har mariƙi. Ya ce fentin ya kulle laima a ciki, ruɓar ta bi ƙarƙashi ta kama katakan da ke ɗauke da sandar. Da tun bara aka gani, aikin Asabar biyu ne. Yanzu sai an farke duka, ba dai bana ba.

Da ya tafi, Kawu ya zauna a kan bokitin fenti ya miƙo mini littafin.

"Karanta mini ranar da muka goge gindin sanda."

Na karanta.

"Har faɗinsa ka auna."

"E, Kawu."

Ya daɗe yana shafa gefen jirgin da tafin hannu. Na so ya yi faɗa, bai yi ba.

"Kakan naka," in ji shi, "da ya sauke mutumin nan, washegari ya canza katakon. Wannan ne ban gaya maka ba."

Jirgin yana nan a kan ƙarafansa. Har yanzu muna zuwa ranar Asabar, ina riƙe da hannunsa saboda laka. Shi yana laluben katako, ni ina gaya masa duk abin da na gani.