Baba Enoch, masinjan da ke tambayar takarda ina za ta

Ƙarfe biyar da rabi na safe Baba Enoch yake barin Kuje, ya shiga motar haya, kafin bakwai da rabi ya riga kowa isa ma'aikatarmu. Zai buɗe tagogi, ya share teburinsa da ke bakin matakala, ya jera fayil-fayil bisa hawan benen da za su. Shekara talatin da biyar ke nan yana wannan aikin na masinja, ƙarshen watan nan kuma zai yi ritaya. Har yau ina mamakin yadda mutumin da bai wuce aji uku na sakandare ba ya horar da rabin manyan gidan nan, ba tare da an sa shi ba.

Dabararsa tambaya ce guda. In ka miƙa masa fayil, ba ya karɓa sai ya ce, "Oga, ina za shi, kuma me zai je yi?" Darakta ne kai ko sabon ɗauka, sai ka amsa.

Ni da na zo, bayan bautar ƙasa, da digirina da Turancina da hancina a sama, tambayar nan haushi ta riƙa ba ni. Wai masinja ne zai yi mini jarrabawa!

Sai ga wata Laraba fayil ɗin Muhibba ya iso teburina. Ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙauye can bayan Kwali, tana roƙon a dawo da ita Kuje saboda mijinta ya samu shanyewar ɓarin jiki, babu mai juya shi sai ta dawo ƙarshen mako. Ranar Juma'a za a rufe jerin sauyin wurin aiki, in ta rasa sai baɗi. Na rubuta abin da na ga kowa yana rubutawa: "A ɗauki matakin da ya dace." Na sa hannu na miƙa wa Baba Enoch.

"Madam Rukayyat, wane mataki?" in ji shi.

"Wanda ya dace mana, Baba."

"To, wane ne ya dace? Faɗa mini da Hausa."

 Ya juya bangon fayil ɗin ya nuna mini sa hannu goma sha ɗaya, nawa na goma sha biyu, cikin wata bakwai. Ya ce, "Ni na hau da shi, ni na sauko da shi, sau goma sha ɗaya. Gwiwata ta san matar nan. Kowa yana tura wa na gaba, babu wanda ya ce e, babu wanda ya ce a'a."

Na ce masa ni ƙaramar ma'aikaciya ce, ko tabbatar da ni a aiki ba a yi ba, in na yi shisshigi takardar tuhuma zan sha. Bai musa ba. Cewa ya yi, "Zai yiwu. Amma karanta dokar tukuna, 'yata. In ba ta cancanta ba, rubuta haka, ta san inda ta tsaya."

Na karanta. Ta cancanta, tun wata bakwai da suka wuce ma. Na soke layin farko na rubuta: "Ta cika sharuɗɗa. Ina ba da shawarar a amince kafin Juma'a." Kunya da tsoro duk suka lulluɓe ni.

Godfrey, sakataren darakta, shi ya ba ni labarin sauran. Ya ce Baba Enoch ya zauna a bencin ƙofar ofis ranar Alhamis tun daga goma har la'asar, fayil a cinya, ya ƙi ajiye shi cikin tarin da ke kan tebur. Da darakta ya fito zai shiga mota, Baba Enoch ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan layi biyu ne kawai." A kan bayan mota aka sa hannu.

Na taɓa tambayarsa wa ya koya masa wannan tambayar. Ya yi dariya ya ce, "Ba kowa. Mutum dai ya so sanin abin da yake ɗauke da shi."

Baba Enoch, kai ne ka koya mini cewa sa hannu ba ado ba ne. Kai ne mai hawa bene don mutanen da ba ka taɓa ganin fuskarsu ba. Na gode, Allah ya saka maka, ya hutar da gwiwoyin nan.

Ku kuma 'yan'uwana sababbin ma'aikata, masu neman kwas-kwas na iya shugabanci, ku fara da wannan: kada takarda ta bar hannunku sai kun yanke wani abu a kanta, ko da kuna tsoro.

Watan jiya Muhibba ta zo ofis, bayan ta fita takaba. Mijin ya rasu. Na fara yi mata ta'aziyya ina haɗawa da ban haƙuri kan jinkirin, ta riƙe hannuna ta ce, "Wata huɗu na samu ina ba shi abinci da hannuna. A gabana ya cika." Na kai ta bakin matakala na nuna mata Baba Enoch. Ta durƙusa har ƙasa, shi kuwa ya cire hula ya rasa inda zai sa idonsa.