Asubar da Mota Ta Ji Sanyi a Khaddamari

A gidanmu na Wulari, lokacin sanyi ne Kaka ta fi ba da labari. Da an idar da sallar magariba an ci tuwo, sai ta jawo kaskon wuta ƙofar ɗakinta, ta zuba gyaɗa a gefen garwashi, mu kewaye ta, ni da ƙannena biyu. Bakanuwa ce, ɗanta ta biyo Maiduguri, wato Babanmu, wanda ke tuƙa babbar mota mai shan gas, yana kai busasshen kifi Kano.

Motar nan ita ce abin tsorona. Da bazara in Baba ya tayar da ita, gurnani kawai take yi a hankali. Amma da sanyi sai ta riƙa ƙwanƙwasa kamar ana dakan ƙarfe a turmi. Wata maƙwabciyarmu ta taɓa faɗa a gabana cewa injin da ke irin wannan ƙara fashewa yake shirin yi. Tun daga ranar, duk safiyar da Baba zai yi tafiya sai na yi kuka. Ban gaya wa kowa dalili ba, amma Kaka ta gano.

"Hadiza, matso kusa," ta ce da ni wata yamma. "Tatsuniyar yau babu kura, babu zomo. Ga ta nan tafe a kan taya."

"Ta ƙaraso mu ji ta," muka amsa.

Wai wani direba ne ya je Khaddamari ɗaukar albasa, matarsa mai tsohon ciki ta bi shi don gaishe da wata ƙawarta, suka kwana can. Da asuba naƙuda ta taso, ta zo da gardama. Ungozomar garin, wata tsohuwar Babarbariya mai suna Ya Kaltum, ta duba ta ce a yi maza a kai ta asibiti cikin Maiduguri.

Direban ya tayar da mota. Wannan ne sanyinsa na farko da ita, bai taɓa jin ta yi haka ba. Injin ya hau bugawa, ƙau, ƙau, ƙau. Gabansa ya faɗi, ya kashe ta, ya tsaya.

Nan Kaka ta maƙe murya, ta yi irin Hausar Ya Kaltum. "Ɗana, me ka tsaya yi?"

"Ya Kaltum, in ta fashe da mu a hanya fa?"

"Ni ban san mota ba. Amma a fili ta kwana, ba mayafi. Ni ma da safe haka haƙorana suke yi."

Tsohuwar ta sa aka ɗebo garwashi a kasko aka tura ƙarƙashin injin, aka rufa masa bargo. Direban ya sake tayarwa, ya daure ya bar ta tana aiki. Bugun ya riƙa sauka kaɗan-kaɗan, har ya koma gurnani. Kafin rana ta fito sun isa asibiti.

"Me aka haifa?" ƙanena ya tambaya.

"Mace," in ji Kaka, tana ɓare gyaɗa tana kallona ta gefen ido. "Mai yawan kuka da safe."

Daga cikin ɗaki muka jiyo Inna tana dariya. Sai na ɓoye fuskata a zanin Kaka.

Sai da na girma wani makanike ya yi mini bayanin abin. In iska ta yi sanyi, mai ba ya kama wuta da wuri a cikin injin, sai ya taru ya kama gaba ɗaya, shi ne bugun. Da ƙarfen ya ɗumama, sai ya lafa.

Amma ban fahimci Kaka sosai ba sai da Baba ya tsufa, idonsa ya mutu, ya dawo gidana da zama. Da safe yakan tashi da faɗa, ya kushe koko, ya kushe 'ya'yana, har suka fara gudunsa. Na kusa fara mayar masa da magana. Maimakon haka sai na riƙa shimfiɗa masa tabarma a hantsi, in zauna gefensa har ya ji ɗumi. Ba a daɗewa sai muryarsa ta sauko, ya lalubo hannuna, ya ce a kira masa yaran.