Sandar Fatsar Lawali

Jama'a, assalamu alaikum. Wallahi tallahi abin da zan faɗa muku a kaina ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba. Shekara shida ke nan ban taɓa zama na faɗe shi daga farko har ƙarshe ba, don na san halinmu, yanzu wani zai ce sanyin Turai ne ya taɓa mini kai.

Lokacin ina Villeurbanne, gefen Lyon a Faransa, na gama karatu na samu aiki a wani laburatuwar, wato ɗakin gwaje-gwaje, ina zaune ɗaki ɗaya ni kaɗai. Waɗanda muka zo tare daga Tawa duk sun watse, wani ya koma gida, wani ya yi Kanada, wani ya yi aure ya shiga sabgar iyali. In na tashi aiki ran Juma'a, in ba mai burodi ba, babu wanda zan buɗe baki in yi wa magana har Litinin. In an kira daga gida kuwa lafiya lau nake cewa, to me za ka gaya wa tsohuwa? Kaɗaici ya ci ni ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Cikin haka na faɗa kallon bidiyon masu fatsa, har na gamu da wani kifin teku da Faransawa ke ce wa banane de mer, wai ayabar teku, ranar da na fara jin sunan sai da na yi dariya ni ɗaya a ɗaki. Fari ne tas, yana shigowa inda ruwa bai wuce gwiwa ba bisa farin yashi, kuma ba tana ake sa masa ba, ɗan gashin tsuntsu ake ɗaurewa jikin ƙugiya ya yi kama da jatan lande, a wurga masa da doguwar sanda. Ni ɗan Tawa da ko tarwaɗa ban taɓa kamawa ba, na ce sai na je tsibirin Guadeloupe na kamo shi.

Kuɗin ɗan jagora na yini guda ya kusa hayata ta wata, don haka na ce ni zan ja kaina. Na yi watanni ina bin hotunan tauraron ɗan adam ina sa alama duk inda yashi ya yi haske, na haddace lokacin cikar teku da janyewarsa, na samo ɗaki mai araha inda mutum ke dafa wa kansa, na yanki biye, wato tikitin jirgi, na Fabrairu tun da wuri. Ko mutum ɗaya ban gaya wa ba. Wurin aiki hutu kawai na ce, gida kuwa na san in tsohuwa ta ji kalmar teku ta bar barci ke nan. Wato da ruwa zai tafi da ni can, sai an gaji da jirana a laburatuwar kafin wani ya tambaya. Na san haka sarai, ban damu ba.

Saura sanda, sabuwa kuma ta fi ƙarfina. Sai na ga an sa wata tsohuwar sanda a kasuwa a Aubervilliers, gefen Paris, da igiyarta da komai, kusan kyauta. Na hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Paris wata Asabar, na shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na yi ta bulayi cikin rumbunan 'yan sari har na samu wurin. Ashe mai shagon wata Hajiya ce 'yar Garwa ta Kamaru, tana sarin jakunkuna da takalma. Muna fara Faransanci ta dube ni ta ce, “Kai ɗana, ba Bahaushe ba ne?” Ai sai gaisuwa ta ɓarke, ta sa aka kawo mini shayi, na zauna fiye da awa, don rabona da doguwar hira da Hausa har na manta. Sandar ta ce ta wani bawan Allah ce da ya taɓa yi mata aiki, ya tafi ya bar ta, ba ta ƙara ba, ni ma ban tona ba. Jikin kwanson da ake saka sandar an rubuta Lawali da baƙin alƙalami.

Jifan nan sai an koya, don haka duk Lahadi bayan azahar sai in ɗauki metiro da bis zuwa babban tafkin da ke bayan Vaulx-en-Velin, in tsaya kan ciyawa kusa da ruwa, in ɗaura ɗan ulu maimakon ƙugiya in yi ta wurgi. Kai, abin kunya, igiya ta naɗe mini wuya, ta faɗo mini a ka, masu yawo da karnuka na kallona.

Lahadi ta uku, ƙarshen Oktoba, rana ta fito tarwai tana bayana, inuwata ta miƙe gabana kan ciyawa. Sai na ga wata inuwar a damana, kamar taku uku. Na juya in ba mutum wuri, babu kowa. Babu icce, babu turke, fili ne fetal. Na sake duban ƙasa, tana nan, ta fi tawa siranta, da hula a kai da sanda a hannu. Na yi a'uziyya, na karanta abin da ya zo bakina, ba ta gusa ba. Sai ta ɗaga hannu a hankali, ta dakata, ta wurga. Ta sake. Ban san abin da ya sa na kwaikwaye ta ba, amma wallahi igiyar nan ta tashi ta miƙe sak, karo na farko.

Ga abin da nake jin nauyin faɗa. Tsoron bai yi minti biyar ba, daɗi na ji. Har na ce, “Sannu da aiki, malam.” Sai hannun ya tsaya kaɗan kafin ya ci gaba.

Daga nan duk mako ina bin labarin yanayi in ga ko za a yi rana ran Lahadi. In an tashi da hadari babu inuwa, sai in koma gida raina a ɓace kamar an saɓa mini alkawari. In da rana kuwa tana nan tana jirana, muna jifa ina ba ta labarin wurin aiki, da ciwon gwiwar tsohuwa, da tsibirin da za ni. Ni da hankalina, da karatuna, ina hira da ciyawa.

Tsakiyar Nuwamba, mun jima muna jifa, sai inuwar ta sauke sanda ta nufi ruwa. Bakin tafkin garau yake, ina ganinta kan tsakuwar ƙasa, ta tsaya kamar mai jira. Na ce a raina ai can ma cikin ruwa zan tsaya, gara in saba. Na shiga da takalmana. Ku yarda da ni, ban ji sanyi ba ko kaɗan, ɗumi ma na ji, ƙasan kuma na gan shi fari sol. Ta matsa, na matsa. Gwiwa, ƙugu, ina ta bi hankalina kwance.

Haushin kare da ihun wata mata suka dawo da ni. Nan take sanyi ya buge ni har numfashina ya ɗauke, na duba ruwa ya kawo mini ƙirji, gabana kuma baƙi ƙirin, ba a ganin ƙasa. Da ƙyar na jawo jiki na fito. Matar, wata dattijuwar Bafaranshiya, ta lulluɓa mini rigarta, ta miƙo mini salulata daga jakar da na bari kan ciyawa, ta ce wa za ta kira ya zo ya ɗauke ni. Na buɗe sunaye ina ja: shugaban aiki, mai gidan haya, likitan haƙori, sauran duk lambobin Nijar. Na kai ƙarshe na sake dawowa farko. Ta dube ni, ta kai ni gida cikin motarta. Na yi kuka a motar nan, ba na musu.

Washegari na kira Hajiya na zayyana mata. Sai ta yi salati. Ta ce Lawali ɗan Damagaram ne, shekara huɗu yana mata aiki, ba shi da kowa a Paris, ba shi da zance sai na wannan kifin, duk Lahadi yana bakin ruwan kanal yana koyon jifa. Saura mako guda tafiyarsa kamun kifin bai zo aiki ba, ta ɗauka ya wuce da wuri. Sai da aka yi sati uku wani ya kawo sandar, an tsince ta a ciyawa bakin ruwa da adireshin shagon a kwanson. Fasfonsa na ɗakinsa. An nema, ba a gan shi a raye ba, ba a ga gawa ba, ita kuma ba ta san wa za ta sanar a gida ba.

“Ka yafe mini, ɗana,” ta ce. “So na yi in rabu da ita.”

Ban je Guadeloupe ba, biyen ya tafi a banza. Na yi wa Lawali sadaka, na ce zan mayar wa Hajiya sandar ta ce kada in soma. Sayarwa kuma ba zan iya ba, in ba wa? Tana nan bisa kabad ɗina cikin kwansonta. Ko shi ne, ko wani abu ne daban, Allah kaɗai ya sani, ni ban sani ba.

Don Allah 'yan'uwa, duk inda za ku, ko kusa ne, ku gaya wa mutum guda. In kuma kun san wani namu da ke zaune shi kaɗai a ƙasar nan, ku kira shi yau, kada ku tsaya a “lafiya lau” ɗinsa. Ni yanzu alhamdulillahi ina da sunayen da zan ba matar nan. Amma har gobe in ina tafe rana na bayana, ba na duban ƙasa ta damana, don na san kaina, in na tarar tana nan sai na gaishe ta.