Tambayar da Goggo Ta Yi wa Likita

Jiya ina layin karɓar magani a asibiti, sai na jiyo wata tsohuwa tana tambayar nas cikin Fillanci, a hankali, kamar ba abin da ke jiran ta a duniya. Nan take Goggo ta faɗo mini a rai, yayar babana da ta rasu bara.

Ina da cikin fari ƙafafuna suka kumbura. Ita ta ɗauko ni daga unguwarmu ta Turaki zuwa asibiti. Har yau ina jin ƙamshin turaren wutar da ke mayafinta, gauraye da warin maganin goge ƙasa, fanka na juyawa a kasale a samanmu.

Likita ya yi rubutu ya miƙo takarda. Na yunƙura zan tashi, Goggo ta dafa gwiwata.

"Zauna, ɗiyata. Likita, mene ne sunan ciwon nan?"

"Hawan jini ne na masu ciki, Mama."

"To, me za mu gani mu dawo da gudu?"

Ya ajiye biro ya zayyano mana: matsanancin ciwon kai, gani dishi-dishi, zafi a ƙasan haƙarƙari. Ta sa na maimaita sau biyu.

Bayan sati uku ina shanya da hantsi, kaina ya sara, tsakar gida ta dushe a idona. Ban tsaya jiƙe-jiƙe ba, sai asibiti. A ranar aka yi mini aiki, aka ciro 'yata da ranta.

Allah Ya sanyaya makwancinki, Goggo, Ya amsa miki tun kafin ki buɗe baki.