Darar da Na Saka wa Baba a Waya

Shekarun baya, lokacin ina jan motar siminti daga Malbaza, na yi wa mahaifina wata magana wadda har yau in na tuna ta sai abinci ya fita raina. Ban taɓa ba ku labarin ba. Jiya ne wani ya turo mini wasan dara na waya wai in gwada, sai abin ya dawo mini ɗanye.

Mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da Bazaga, amma da dara aka san shi. Ga wanda bai san ta ba, gurbi talatin ake tonawa a ƙasa, kowa ya riƙe 'ya'ya goma sha biyu, wannan da guntayen kara, wancan da ƙwallon aduwa. In an gama zubawa sai a shiga turawa, kai ɗaya ni ɗaya, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin karawarsa. A baki kam ba wuya. Ni dai tun ina lakwal, wato makarantar boko, nake zama gabansa, ban taɓa cinsa ba. Abin haushin ma, in da ni yake yi ko ƙasa ba ya kallo sosai. Zai tura ɗa, ya ɗago kai ya ce, "Ya lahiyar mota?" Da na ji tambayar nan na san tawa ta ƙare. Mutum ɗaya ke iya tsayawa da shi, amininsa, wani tsoho mai sayar da awaki, wanda suke zolayar juna a gindin bedi tun kafin a haife ni.

Sai ciwo ya kama shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da muka dawo da shi daga asibiti a Konni ba ya iya zaman ƙasa, bakinsa ya ɗan karkace, kuma ba ya son abokansa su gan shi a haka. Ko amininsa daga ƙofa yake gaisuwa ya koma. Amma ba ƙafar ce ta fi damunsa ba, kansa yake tsoro. Ya ga yadda irin ciwon ya yi wa yayansa har ya daina gane 'ya'yan cikinsa. Mahaifiyata ta ce kullum da safe sai ta ji shi yana jero sunayen jikokinsa da iyakokin gonakin ƙauye, shi kaɗai, don ya tabbatar suna nan.

Ni kuma, ɗan boko na gidan, sai na samo dabara. Na sauke wasan dara a wata babbar waya na kai masa, na nuna masa yadda zai taɓa da yatsan dama. Ya juya ta gaba da baya ya ce, "To wa nika wasa da shi ciki?" Na ce inji ne. Ya ce, "Allah shi ba shi haƙuri."

Wasan ba wani na kirki ba ne, gaskiya. Yakan daskare a tsakiya sai an kashe an kunna, rubutunsa duk Faransanci, ga talla tana faɗowa kamar ƙuda a kan fura. Amma Baba ya riƙa lallasa shi safe da yamma, yana dariya da rabin baki. Har abinci ya koma ci sosai. Ni kuwa sai hura hanci nake, duk wanda na gamu da shi sai na ba shi labarin dabarata.

Wata Juma'a bayan la'asar na zo gida. Yana kishingiɗe a rumfa da wayar, mahaifiyata tana tsintar wake, ni ina shan fura. Sai ya ce, "Kai, zo ka gani. Wanga abu ya tura sau biyu."

Na ce, "Baba, ba ya yiwuwa."

"Na ce ma sau biyu yat tura. Ya ɗauke ɗana na kusurwa, kuma bai jera uku ba."

Na leƙa. Me zan gane? Ni da ko a ƙasa ba na riƙe wasa a kai. Sai na yi dariya na ce, "Baba, inji ba ya mantuwa, mutum ke mantuwa. Ƙila kai ne ka manta inda ka aje shi."

Hannun mahaifiyata ya tsaya cikin wake. Shi kuwa ya miƙo mini wayar ya ce, "Ƙila hakanan ne." Ban ɗauki abin a bakin komai ba, na ƙarasa furata na kama hanya.

Bai sake taɓa wayar ba. Jero sunayen da safe ma ya daina. Da wasu maƙwabta suka zo a kan rikicin iyakar gona, shi da duk ƙauyen ke dogara da shi a wannan, sai ya ce su tafi wurin mai sauran kai. In na zo gaisuwa ya amsa a taƙaice ya juya ga bango. Na ɗauka ciwon ne ke ci gaba. Wata biyar ana haka, Allah ya karɓi abinsa ana cikin girbin gero.

Bayan sadakar arba'in, ina zaune a mota ina jiran layin lodi, kewa ta sa na buɗe wasan. A karo na uku talla ta faɗo, na rufe ta, da idona na ga injin ya tura ɗa, ya sake tura wani, ya ɗauke nawa ba tare da ya jera komai ba. Na sake gwadawa, ya sake. Na shiga inda mutane ke rubuta ra'ayi, ashe kuka ne cike da wurin, kowa na faɗin abu ɗaya: in talla ta katse wasa, injin sai ya yi wa mutum maguɗi. Na zauna na rubuta wa waɗanda suka ƙirƙiri wasan doguwar wasiƙa da gurgun Faransancina, har da labarin Baba. Kafin in ajiye wayar amsa ta shigo, wai sun gode da ƙaunar da nake yi wa wasansu, in taimaka in ba su tauraro biyar. Saura kaɗan in sa ta ƙarƙashin taya. Amma me zai yi? Injin ya yi kuskurensa, maganar kuwa daga bakina ta fito.

Na rasa wanda zan gaya wa, sai na tafi wurin amininsa. Na same shi yana ba awaki harawa. Ban kai ƙarshe ba ya ce, "Na sani, ɗana. Zamna."

Ya ce wata rana ya gaji da gaisuwar ƙofa, ya kutsa har bakin gado. Baba ya sa aka ciko tire da rairayi, ya tona gurbi talatin da yatsa, ya sake zuba wasan nan tun daga ɗan farko, nasa da na injin, har inda aka ɗauke masa na kusurwa. Sannan ya ce, "Duba min tsakaninka da Allah. Akwai hanyar da za a ci wanga ɗa?"

"Na duba, na sake dubawa," in ji tsohon. "Nac ce mai babu. Nac ce, kai tsohon banza, wanda kai nai ya tahi shina riƙe wasan wata biyar? Injin ne ɓarawo. Sai ga hawaye, shina dariya. Nac ce bari yaron ya zo in wanke shi tas. Yac ce a'a, don shi faranta min yak kawo abin, in ya ji, kunya za ta hana shi shigowa gaisuwa."

Na tambaye shi yaushe aka yi haka. Ya ce kwana huɗu kafin rasuwar.

Yau ina da 'ya'ya, kuma na san sauƙin da ke cikin gaskata abin hannu a kan mutumin da ke gabanka. Ban ƙi waya ba, da ita nake rubuta muku wannan. Amma in tsoho ya ce mini ya ga abu, ina ajiye abin da nake yi in duba tare da shi. Na koyi hakan a makare, kuma ban samu na ce wa Baba ya yafe mini ba. Wannan ciwon ba ya warkewa, sai dai a saba da shi.

A cikin kwana huɗun nan na zo gida sau ɗaya, a tsaitsaye, ga lodi na jirana. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙe zan fita. Sai ya ɗago kai, karo na farko cikin wata biyar, ya ce, "Ya lahiyar mota?"

Na ce lafiya lau, Baba. Na fita ina duba agogo.