Hajiya ba ta sauka ba

Ina share ƙofar gida a Birnin Kudu, sai ga Inna mai kawo mana nono daga Kangire.

"Hajiya ta sauka?"

Haka take kiran Mama tun da ta tafi ziyarar Urushalima da 'yan cocinmu.

Na ce, "Inna, mu JP muke ce wa wanda ya je Urushalima. Kuma ba su kai ba. Yaƙi ya ɓarke a can, an tsayar da motarsu a kan iyakar ƙasar. Tun jiya wayarta ba ta shiga."

Ta sauke ƙwaryarta. "Ɗana, bar gyara mini suna. Ta dawo da ranta tukuna."

Ga roƙona gare ku masu karanta wannan. Idan kuna da wani a cikin ayarin, don Allah ku gaya mini ko kun ji muryarsa.